Kalmar "boko" ta rufe min shafi

Jama'a, yau da safe ina tela, kafin hantsi na zama ɗan ta'adda!

Na ɗora hoton rigunan da na ɗinka a shafina na sada zumunta, na rubuta: "Kayan 'yan makarantar boko sun samu, a zo Kubwa." Ban gama shan shayi ba aka rufe shafina. Wai na'urar kamfanin ta ga "boko", ta ce ni mai haɗari ne. Litinin ake komawa makaranta, kuma duk kwastomomina ta can suke nemana. Na nemi wanda zan yi wa bayani, babu mutum, sai na'ura tana cewa in jira.

Ina zaune ina huci sai ga Maman Ladi, mai kawo doya daga Abaji. Na faɗa mata.

Ta yi dariya. "Oga tela, har yanzu haya kake a gidan Bature? Mu mun tashi tuntuni."

Ashe ƙungiyar 'yan kasuwarsu tana da nata dandalin a intanet. 'Yan Kubwa ma suna da nasu, kuma duk suna ganin saƙon juna. Babu oga ɗaya mai riƙe da makulli.

Na ce, "To wa ke rufe mutum a namu?"

"Alhaji Sani mai yadi. In ya rufe ka, ai ka san shagonsa."

Nan take ta sa ni a dandalin 'yan Kubwa. Na maimaita maganata, ban cire ko harafi ba. Alhaji Sani ne ya fara amsawa: "Akwai na ɗan aji uku?"

Wancan shafin kuwa, su riƙe abinsu.