Motar Barau da Ba a Kashewa

Ranar da Barau ya tsuguna a bayan motarsa a kasuwar Gaya, cikin farar riga mai sabon bugu, so yake ya nuna wa Sarkin Kasuwa cewa sharri ake mata, ba ta hayaƙi. Ya kafa fuska a bakin salansa, ya ce wa ƙaninsa Haruna ya ɗan taka totur. Haruna ya taka da zuciya ɗaya. Mota ta yi tari, ta tofa. Barau ya miƙe kamar gindin tukunya, ido kaɗai ke fari.

Barau ɗan Toranke ne, katangarmu ɗaya. Manomin gyaɗa ne, sai da fari ya zo gyaɗa ta ƙi, ya sayar da shanun huɗa, ya je Kano ya jawo wata tsohuwar akori-kura da birni ya gaji da shaƙa. Tun ranar ya zama Direba. Ka ce Barau, ko waiwaye. Batirinta kuwa ya daɗe da rasuwa, sai an tura take tashi. Shi ya sa in ya iso da hantsi ba ya kashe ta. Haka take wuni a gindin tsamiya tana gurnani, tana turara bayin Allah. Wai shi iskar birni ya kawo mana, ƙauyanci ne ke sa mu tari.

Baiwa mai nono ce ta kai ƙara, don kindirmonta ya koma kamar an barbaɗa gawayi. A gindin tsamiyar nan kuwa fasinja ke taruwa. In aka tashi Barau daga nan, sai ya yi lodin iska.

Da Sarkin Kasuwa ya gama dariya ya ce, "Direba, ko ka kashe ta, ko ka bar mana tsamiya."

Barau ya murɗe makulli. Ranar aka tuna ashe tsire yana da ƙamshi.

Da la'asar mutanen Toranke suka ɗare baya da kayansu, har da Baiwa da ƙorenta. Barau ya hakimce a gaba, bai ko wanke fuska ba. Mota ko motsi ba ta yi ba.

"Direba, rana fa tafiya take," in ji Baiwa.

Ya leƙo ta taga.

"To Inna, masu ƙin hayaƙi a sauko a tura. Ki kama daidai salansa, nan ne ta fi jin magana."