Kujerar Bayan Direba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Lawal, Allah ya jiƙansa. Shi ke lodin motar hukumar sufuri a tashar Batsari, doguwar nan mai tasowa daga Safana ta wuce Katsina. Ba wani babba ba ne. Rigar aiki ɗaya gare shi, da usur a wuya, da taurin kai irin na gidanmu.

Abin da aka san shi da shi, ba ya bari kowa ya zauna kujerar bayan direba. Haka mota ke tashi da ita babu kowa, saboda mutanen ƙauyuka irin su Darini, masu fito da marar lafiya bakin titi a amalanke, ba sa isa tasha kafin a cika. Direbobi sun yi ƙorafi har sun gaji. Ofis ya taɓa turo mai bincike, ya ce, "Malam, wa ya ba ka wannan doka?" Yaya ya ce, "Yallaɓai, wata mai naƙuda ce. In ka gan ta ka tambaye ta."

Kuskurensa ɗaya, kuma har gobe ina jin haushinsa: bai sa an rubuta ba. Shi bai yi boko ba, ni kuma sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Yana ganin abin da kowa ya sani ba ya buƙatar takarda. Ko sadakar arba'in ba a yi ba aka cike kujerar.

Da zai leƙo tashar yau, me zai gani? An sauya shugabanni, an sauya fenti, an kafa kwamiti a kan kwamiti. Ga masu kaki a ƙofa, ga shinge a hanya, kowa da tambayarsa, kuma ban ce tsaro ba ya da amfani ba, mun san halin da yankinmu ke ciki. Amma duk cikinsu babu mai tambayar wa aka bari a bakin titi. Kujerar yanzu ta wanda ya bugo waya ce. Wasiƙa uku na rubuta wa hukumar da hannuna. Amsar ɗaya ce: ana dubawa.

Makon jiya na yi sammako na kama kujerar da kaina. Mai lodin yanzu ya ce, "Hajiya, an riga an kama wa wani nan."

Na ce, "Ɗana, ka ce ya zo ya ɗaga ni."

Ba mu yi nisa ba sai ga amalanke a gefen titi, wani tsoho yana ɗaga hannu, 'yarsa kwance. Direba ya ce babu wuri. Na ce akwai, tsaya. Na sauka, aka zaunar da ita, uban ya tsuguna a ƙofa. Na dawo Batsari a bayan babur, gwiwata na ciwo, sabgar da ta fito da ni ta lalace.

Ba yabo nake nema ba. Na tsufa, ba zan iya yi kullum ba, kuma gobe ma akwai wata a bakin titin. Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba. Kujera ɗaya ya bari. Ku manyan hukumar da kuka iya rubutu tun kuna yara, ku rubuta ta a cikin dokarku. Layi ɗaya ne. Ni da na koya da furfura ma na iya.