Sada da Keken Baffa Mati

Sada Auta bai taɓa ganin abu mai waya a ciki ya ƙyale shi ba. Yana ɗan shekara tara ya kwance rediyon mahaifinsa don ya ga masu magana, ya sha bulala, washegari ya mayar da ita yadda take ta ci gaba da kawo labarai. Shekara ashirin ke nan yana wata rumfa a Daura yana naɗin koyil na fanka da injin ban ruwa. Ga hannu mai kyau, ga baki, don in Sada ya fara yi maka bayanin wuta sai shayinka ya huce.

Cikin duk aikinsa ba wanda yake taƙama da shi kamar keken Baffa Mati, ƙanen mahaifinsa. Baffa Mati wanzami ne. Rabin mutanen ƙauyukan Sandamu shi ya yi musu askin suna, kuma a kan keke ya yi yawon nan duka. Da gwiwa ta fara gardama, Sada ya samo taya mai inji a cibiyarta, ya ɗaura batir a baya, tsoho ya koma tafiya ba ya taɓa feda, babbar riga na kaɗawa.

Sai dai batirin ba ya kawo shi gida. Sau biyu yana mutuwa ana hango Daura, aka ga dattijo yana tura keke cikin rana. Munzali, babban ɗansa, ya rantse in aka yi na uku zai sa wa keken kwaɗo, Baba ya rataye zabira ya huta. Hankalin Sada ya tashi ƙwarai. Ya san in aka zaunar da Baffa a zaure, an gama da shi ne da ransa.

Ya nemo wata kwantirola, ɗan akwatin da ke raba wa inji wuta. Ita wannan, in ka kama birkin hagu, sai injin taya ya koma janareta, ƙarfin gudun ya zama wuta ya koma batir. Ya haɗa, ya ɗaure mita a kan hannun keke. To, sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin yana son gangara, ƙasar Daura kuwa shimfiɗe take kamar faifai. Sada ya hau ya miƙe zuwa Sandamu a guje ya dawo, birki bai fi sau uku ya taɓa ba. Wutar da ta koma ko fitilar hannu ba za ta kunna ba. Ya zauna jugum, ranar har maƙwabta suka tambaya ko lafiya.

Yana shirin kwance kwantirolar sai ya lura batirin da saura da yawa. Hanya ɗaya, keke ɗaya, me Baffa yake yi da wutar?

Ranar wani suna a bayan Sandamu ya ari babur ya bi shi. Ba su fita gari ba ya ga amsa. Baffa ya tsaya wajen mai tsire, ya tsaya wajen masu faci, ya tsaya gaban wasu dattawa a gindin darbejiya ya tambayi gida da gona da wanda ya yi zazzaɓi bara. Ko mai keken shanu ya gifta sai an tsaya an yi masa barka da aiki. Kowace tashi kuma inji sai ya zuƙi wuta mai yawa. Kafin Sandamu Sada ya ƙirga tsayawa talatin da huɗu, ya gaji da ƙirga.

"Baffa, gaisuwar nan ce ke cinye maka batir. Da ka riƙa ɗaga hannu kawai kana wucewa."

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "In wuce mutane kamar motar haya? Wancan ni na aske shi, na aske 'ya'yansa. Zumunci a ƙafa yake, Sada. In haka ne Munzali ya kawo kwaɗonsa."

Sada ya buɗe baki zai yi musu, sai ya bushe da dariya. Gangarar da ya rasa a ƙasar Daura, ga ta nan a bakin Baffa. Duk gaisuwa birki ce. Matsalar kawai, tsoho ya saba da birkin dama, na roba, mai ƙone gudun a banza.

"Gaishe da kowa, Baffa, har awaki. Amma da hagu za ka kama, tun daga nesa, a hankali."

"Dama dattijo ba ya tsayawa kamar an jeho shi."

Suka ci gaba. Aka hango majalisa, Baffa ya matsa hagu, keken ya yi wata 'yar ƙugi ya lafa. Sada ya leƙa mita, ya ga wuta tana komawa. Ba duka take dawowa ba, ko rabi ba ta kai, amma ɗan kaɗan sau arba'in ba kaɗan ba ne. Aka yi aski, aka ci tuwon suna, suka juyo. Da suka zo inda batir ya saba mutuwa, layi ɗaya ya rage a mita yana ƙyaftawa. Keken ya wuce wurin.

Munzali na tsaye a ƙofar gida, kwaɗo a hannu, ya gama shirya faɗa. Baffa ya taho a kan kekensa, ya kama hagu tun daga bakin lungu, ya zo ya tsaya daidai gabansa.

"Malam Munzali, barka da yamma. Ya gida? Ya yara?"

Munzali ya yi ta maza, dariya ta ƙi ɓoyuwa. Ya dubi ƙafar mahaifinsa, ba ƙura ko kaɗan. Ya zura kwaɗon a aljihu, ya sauke zabira daga hannun keke ya rungume.

"Lafiya lau, Baba. Gobe kuma wane gari ne?"