Shekarar da Giyar Maryvonne Ta Farka a Kwalba

Maryvonne Cesbron ba son gona ne ya dawo da ita ƙauyenmu ba. Ubanta ne ya mutu, aka raba gonakin inabi tsakaninta da yayanta Régis, rabonta ya faɗo a gangaren da ke kallon kogin Loire, inda tarakta ba ta hawa sai da ƙyar. Lokacin ta haura arba'in, aikin jinya a birnin Angers ya ishe ta. Kowa ya ɗauka sayarwa za ta yi. Sai ta sayi dokin huɗa.

Tun shekarar farko ta daina feshin maganin ciyawa. Tsakanin layukanta ciyawa har gwiwa, na Régis kuwa tas kamar tsakar gida. Farin inabi kaɗai take nomawa. Da hannu take tsinka, ta matse, ta zuba ruwan a gangunan katako cikin kogon da kakanninsu suka sassaƙa a dutse. Ba ta sa yis na kanti, ba ta sa farar wuta, wadda kowa ke zuba wa giya don kada ta lalace. Yis ɗin da ke jikin ɓawon inabin shi ke tayar da giyar, ta yi ta tsima har zaƙin ya ƙare. Ganguna 'yan kaɗan take samu a shekara, amma masu gidajen abinci na birnin Nantes har bakin kogon suke zuwa ɗauka.

Taƙamarta kunnenta. Sauran manoma kan kai ɗan kaɗan na giyarsu a auna musu sukarin da ya rage kafin su ɗura a kwalba. Ita sai ta kafa kunne a bakin ganga. In ta ji shuu, giya na aiki. In shiru, ta gama. Shekara da shekaru kunnen bai ba ta kunya ba.

Sai wata shekara sanyi ya sauko da wuri, gangunan suka yi tsit tun kafin Kirsimeti. Ta saurara, ta bar su, ta sake saurara, sannan ta ɗure giyar shekarar gaba ɗaya a kwalabe, ta toshe, ta jera. Ashe ba gamawa giyar ta yi ba. Sanyi ne ya sa ta barci, da sauran zaƙi a cikinta.

Satin da inabi ya fara toho, ta shiga kogon da hantsi, ta taka fasasshen gilashi. Wasu kwalabe sun fashe, sauran kuma toshiyarsu ta fara turowa. Giyar ta farka, iska na taruwa a ciki, ba mafita. In aka bar su haka, kafin zafi ya kankama ba abin da zai rage na shekarar.

Régis ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a aljihu.

"To, malamar asibiti, ga majinyatanki na dirowa daga gado."

"Yaya, in dariya ka zo yi, yi ka gama. Akwai aiki."

"Aikin ai ɗaya ne. A juye a tankina, a tace, a zuba farar wuta, jibi kin huta. Wa zai sani?"

"Ni. Kuma da irin taka mutanen Nantes ke so, ai ƙofarka ta fi kusa da titi."

"Ke dai bakin nan naki. To me za ki yi?"

"In buɗe su ɗaya bayan ɗaya, in mayar da ita ganga ta ƙarasa abin da ta fara."

"Ba farar wuta? Iska ta sake shan ta? Tsami za ta yi, ruwan kal za ki kwasa, ƙanwata, na shekara guda cur."

"Ƙila. Miƙo mini tsumman can."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta sani. Giyar da ba a kare ta da komai ba, iska ce ajalinta. Amma ta fi yarda ta rasa shekarar da ta sayar da abin da ba nata ba.

Bai tafi ba. Ya naɗe hannu da tsumma saboda gilashi, yana zare toshiya yana mita, wai nasa inabin na can na jiransa. Ita tana tsiyayawa a hankali ta jikin mazurari don kada giyar ta yi kumfa. Kwana da kwanaki suna yi, har tafin hannunsa ya yi bororo. Kowace ganga ta cika ta maƙil, kuma duk sati tana ƙara abin da ya ragu don kada iska ta sami wurin zama.

Mutanen Nantes suka bugo waya. Ta ce musu bana babu, su nemi wata giyar.

Giyar ta yi ta shuu duk tsawon zafi, ta yi shiru bayan kaka. Wannan karon Maryvonne ta ɗebi kaɗan daga kowace ganga ta kai aka auna, ba ta ce wa kowa komai ba. Ganga ɗaya ta yi tsami, ba gyara. Sauran sun fito garau, ba ɗigon zaƙi, da wani kauri a baki wanda giyarta ba ta taɓa yi ba. Ta ɗure su da jinkirin shekara guda, aka kwashe.

Mai tsamin kuwa ba ta zubar ba. Ta bar ta ta zama ruwan kal sosai, ta rarraba gida-gida. Kwalbar farko gidan Régis ta kai.

"Ga rabonka, Yaya. A kan wannan gangar kai ka yi gaskiya."

Ya shinshina, ya yamutse fuska.

"Na sauran gangunan fa?"

"Wannan sai ka hau gangare ka zo ka sha."

Ran Lahadi ya hau.