Ba Iskoki Suka Cire Pulin Ba

Shekara ashirin da ɗaya ke nan cif da muka kai wana Nomau makwancinsa, a bayan ƙauyenmu da ke kan hanyar Safo. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Bana ma da shiru zan yi, ba don abin da na ji da kunnena a tashar Madarumfa makon jiya ba. Ana zaune ana hira, sai tsohon bakanike Illa ya ɗauko labarin ranar da Nomau ya cire pulin motata, ya ba da shi yadda aka saba: wai arne ya zo da gora, ya yi surkulle, iskoki suka fizge ƙarfen. Bana har baƙin bunsuru aka ƙara a ciki. Aka bushe da dariya. Ni ban yi ba. Yau zan faɗi yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Mu maƙera ne kaka da kakanni. Uwar maƙerar gidanmu kakanmu ne ya bar ta, shi da ya ƙera mashi da kibiya tun Nasara bai taka ƙasar nan ba. Nomau ya gaje ta, ya kuma gaji addinin gidan, na Anna, masu bin gargajiya. Kowace shekara yakan yanka jan zakara a kanta, bai taɓa ɓoyewa ba. Ni ne auta. Na shiga lekol, wato makarantar boko, na musulunta, na koyi tuƙi, na samu wata tsohuwar a-kori-kura ina ɗaukar kifi da kayan lambu daga bakin tafki zuwa Maradi. A tasha Malam Habu ake ce mini. In aka tambaye ni gidanmu, sai in ce can wajen Safo, in yi maza in canja magana.

Wata shekara bayan damina motar ta fara zubar da baƙin mai ta gaba. Illa ya duba ya ce robar da ke tare mai ce ta mutu, kuma ba a kaiwa gare ta sai an cire puli, wato faifan ƙarfen nan da ke bakin babban sandan da ke juya inji, wanda bel ke hawa. Babban notin bai yi gardama ba. Illa ya sa mota a giya, ya zura bututu a hannun sifana, ya hau da ƙarfi, noti ya kwance. Puli kuwa ya ce sam. Na sha ratsa ruwa da motar a daminar, tsatsa ta ɗaure faifan da sandan sun zama abu guda. Illa ya yi ta duka da guduma, ya sa ƙarfen cire taya ya banƙara, har gefen faifan ya ɓalle. Kwana huɗu mota na tsaye, masu kifi sun koma bin amalanken jaki.

A nan ne majalisar tasha ta yanke shawara. Wuta za a sa, kuma wa ya san wuta in ba maƙeri ba? Kowa ya taɓa ganin maƙera a wasa suna riƙe jan ƙarfe da hannu. Wani ya ce, "Malam Habu, ai an ce wanka ne mai maƙerar can." Asirin da nake ta rufewa, ashe kowa ya sani. Ba yadda na iya, na aika masa.

Ya iso da hantsi, da warkinsa na fata da ƙafa duk ƙura. Aka yi masa zobe, ana jiran a ga abin mamaki, har an kawo buhun gawayi. Bai kalli gawayin ba. Ya durƙusa ya shafa faifan, ya zura yatsa bayansa, ya shinshina yatsan.

"Ba ni sa mishi wuta," in ji shi.

Illa ya ce, "To mi ka zo yi? Kallo?"

"In na gasa faifan ga, sandan ma ya gasu, tare za su kumbura. Ga mai ko'ina. Wanda ya san wuta shi ya san inda ba a kai ta."

Daga nan ya tsinko karan gero, ya auna faɗin faifan, ya gantsare karan da haƙori daidai wurin. Ya sa aka zuba masa kananzir a gorarsa ta ruwa, don ba shi da kwalba, ya tsiyaya bayan faifan, ya ce in riƙa ƙarawa safe da yamma. Ya ɗauki wani karyayyen sifirin mota, faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyinta, da ke yashe a garejin Illa, da wani mataccen jak na ɗaga mota, ya kama hanya. Mutane suka watse suna tsaki. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don ina ganin ya ba da ni a gaban jama'a.

Kwana biyu ya yi. Da ya dawo, ga abin da ya zo da shi: sifirin ya miƙar da shi ya huda tsakiyarsa, ya dasa sandan jak ɗin nan mai zare a ramin, ya ƙera ƙugiya biyu ya rataya a gefe da gefe. Tazararsu daidai da karan geron nan, ba ragi ba ƙari. Ya saƙala ƙugiyoyin a bayan faifan. Ya karɓi kwabon dala biyar a hannuna ya ɗora a bakin sandan inji, don kada tsinin ya ɓata zaren noti. Sai ya fara murɗawa. Ya murɗa kaɗan, ya ɗan ƙwanƙwasa kan da masaba, ya tsiyaya kananzir daga gora, ya dakata. Leɓensa na motsi, kuma ni na san abin da yake yi, don na girma ina jinsa: wata waƙar zuga ce ta mahaifiyarmu, da ita yake auna tsawon jira. Sannu ba ta hana zuwa. Rana na gab da tsakiya muka ji ƙas, puli ya zamo ya faɗo a tafin hannunsa.

Wani ya yi salati. Wani ya ce, "Kun ga bakinai na motsi? Kun ga gorar?" Illa, wanda ya yi kwana huɗu yana dukan banza, ya samu mafita, ya ce ai dama ya san wannan ba aikin hannu ba ne. Suka juyo suna kallona. Kalma ɗaya ta isa in kashe maganar, don ni na sayo kananzir ɗin da hannuna. Amma na ga idon mutanen da nake bin sahu ɗaya da su, na so su san ni nasu ne. Na yi dariya na ce, "Kun dai san mutanenmu."

Nomau yana goge hannu da ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Auta, kwana biyu ina dukan ƙarfe, kai ko ka ɗauki aikin ka ba iskoki?" Ya ajiye ƙarfen da ya ƙera a kan kujerar motata, ya tafi. Mun yi shekaru bayan nan muna gaisawa, muna cin tuwo kwano ɗaya, bai sake tayar da zancen ba. Ni ma ban tayar ba. Ina ta cewa gobe, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Garejin zamani cike da kayan da in sun lalace sai dai a jefar. Bakanike na kallon waya kafin ya taɓa sifana, kuma ban ga laifinsa ba, Nomau ma da leƙawa zai yi, mutum ne mai son ganin yadda aka haɗa abu. Irin wannan ƙarfe na cire puli yanzu ana sayar da shi a Maradi cikin kwali, yana walƙiya, kuma ba wanda ya taɓa cewa iskoki suka ƙera shi. In abu ya fito daga ƙasar waje sunansa ilimi, in ya fito daga bukkar maƙeri mai warki sai a ce tsafi. Wannan ne zai ba shi dariya, irin dariyarsa ta hanci. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo har sau biyu suna son ɗora uwar maƙerar kakanmu a sikeli. Na ce su bi wata hanya.

Kada wani ya juya mini magana. Ban zo wanke addininsa ba, bai kuma taɓa roƙona ba. Ni musulmi ne, a kan haka nake fatan cikawa, hisabinsa kuwa ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun majalisar tasha ba. Amma addinin da nake bi bai ce in ƙwace wa mutum guminsa ba. Zakaransa nasa ne, ya yanka a fili. Ranar nan babu zakara, babu bunsuru. Akwai karan gero, da kananzir, da sifiri, da haƙurin da mu duka muka rasa. Kiran abin asiri ya fi mana sauƙi, don in muka ce basira ce, dole mu yarda wanda muke renawa ya fi mu. An ce ɗan'uwa rabin jiki, ni kuwa na yanke rabin nawa don a yi mini murmushi a tasha.

Motar ta daɗe da mutuwa. Ƙarfen yana nan, da kwabon da ya lotse a tsakiya. Kanikawan Madarumfa har yau suna zuwa aro, don na cikin kwali ƙugiyarsa buɗewa take in puli ya yi taurin kai. Daga makon jiya na kafa doka: ba mai fita da shi daga zaurena sai ya faɗi wanda ya ƙera shi, da abin da ya ƙera shi da shi. Allah da ikonsa, wanda ya fara zuwa Illa ne, shekaranjiya, wata mota ta gagare shi. Na riƙe ƙarfen ban saki ba. Ya ce haba Malam Habu, wasa ne fa ake yi. Na ce na sani, ni na ɗaure wa wasan gindi. Sai ya ce, "Nomau ya ƙera shi. Da hannunai." Na miƙa masa.

Illa ya biya nasa. Saura ni, kuma wanda zan faɗa wa ba ya nan. Shi ya sa na kawo maganar jarida, inda kowa zai gani, tunda a gaban kowa na yi ɓarnar. Yaya, ni na sayo kananzir ɗin, na kuma san waƙar. Ba iskoki ba ne. Kai ne.