Barau, Wanda Ya Ɗauko Ni a Keke Daga Ƙauyen Boma

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, goma sha biyu ga watan Rajab 1401, ina sharar gona a Tsaskiya aka aiko mini cewa Allah ya yi wa Malam Barau na Babban Duhu rasuwa bayan Azahar.

Barau, ni ne Daudu, amininka. Tare aka ɗauke mu soja a Batsari, tare aka kai mu yaƙin Boma. A can harsashi ya same ni a ƙafa, zazzaɓi ya biyo baya, rundunarmu ta wuce ta bar ni hannun wasu manoman shinkafa. Da yaƙi ya ƙare aka sa sunana cikin matattu. Kai kaɗai ka ƙi yarda. Ka ce wa sajenmu Hamma, "Ranka ya daɗe, ban ga gawarsa ba. Da wane baki zan gaya wa Inna Kande ɗanta ya mutu?" Ya ba ka kwana goma kafin a kwashe ku zuwa bakin teku. Ka ari keken kai wasiƙa, ka kama hanya kai kaɗai.

Kwana huɗu kana tuƙi a kan 'yan siraran hanyoyin da ke ratsa fadamu. Inda laka ta yi zurfi ka saɓa keken a kafaɗa. Da taya ta fashe ka cusa mata ciyawa. Ba ka jin harshen mutanen, sai ka nuna musu baƙar fatarka, ka ɗingisa, su kuma su nuna maka gaba. Matansu na miƙa maka shinkafa a ganyen ayaba. Rana ta biyar da hantsi ina kwance a inuwar bukka na ji ƙararrawar keke, sannan na ji Katsinanci: "Daudu, tashi mu tai gida!" Wallahi na zaci mafarki ne.

Ka ɗaure ni a bayanka da bargo, muka juyo. Mun shiga sansani ana loda motoci. Sojoji suka ɗauki kabbara, suka ɗaga ka sama har da keken. Hamma ya soke sunana daga cikin matattu da hannunsa yana hawaye.

Da muka dawo gida ba ka taɓa ba kowa wannan labari ba, ni nake bayarwa. Ka sayi keke, majinyatan da ka goya zuwa asibitin Katsina a kansa Allah kaɗai ya san yawansu.

Jiya mu talatin da biyu muka zo gaisuwa, ni da 'ya'yana da jikokina. Ba don Allah ya turo ka ba, da babu ko ɗaya daga cikinmu.

Allah ya jiƙanka, Barau, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Hansai, Abdurrahim, Atika da sauran iyali, Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, amin.