Sifana a Bangon Zaure

Da aka ba mu jihar Zamfara, kowane uba a Birnin Tsaba ya rantse sai ɗansa ya zauna ofis a Gusau. Babanmu ma haka. Mu uku muka yi difloma, ya sa takardunmu a gilashi ya rataye a zaure. Babban yayanmu kuwa, da ya bar makaranta ya tafi Ƙaura koyon walda da gyaran famfo, ko zancensa Baba ba ya so.

Ana tsakiyar bazara famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu ya lalace. Aka nemi mai gyara har Zurmi, babu. Mu 'yan boko muka kewaye famfon muna ta zuba Turanci, mata na tsaye da bokitai suna kallonmu. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da labari ya kai wa Yaya, ya zo da sifanarsa ya kwance kan famfon, ya canza roba. Kafin la'asar ruwa ya zubo. Baba ya yi alwala da ruwan, sannan ya miƙa wa Yaya hannu ya ce:

"Ba ni sifanar nan."

Har yau tana rataye a zaure, a saman takardunmu.